Wai da gaske a ƙasashen kwaminisanci ko ɗakin kwananka ba naka ba ne?

Abban Sadiq: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya Asabar wani abokin aikina Bajamushe ya ja ni gidan tarihin Stasi da ke unguwar Lichtenberg a nan Berlin, wato tsohuwar hedikwatar 'yan leƙen asirin Jamus ta Gabas, wallahi har yanzu abin bai sake ni ba. Na ga ofishin ministansu Erich Mielke yadda ya bar shi, mutumin da ya riƙe wurin tun 1957 har 1989, na ga kyamara a cikin butar ban ruwan fulawa, amma abin da ya fi tsaya min a rai wasu kwalabe ne da ƙyalle ruwan ɗorawa a ciki. Wai idan suka kira mutum tambayoyi sai su shimfiɗa ƙyallen a kujerar da zai zauna, yana tashi su ɗauke su rufe a kwalba su rubuta sunansa, warin jikinsa ke nan suka ajiye saboda ranar da za su sa kare ya nemo shi. Ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 16 da 'yan kai ba amma ma'aikatan hukumar sun kai 91,000, ban da 'yan rahoto na ɓoye sama da 170,000 da ke cikin jama'a, maƙwabta ne, abokan aiki ne, wasu ma 'yan uwa na jini. Tambayata ga waɗanda suka san tarihi, shin mutanen nan suna da wani abu da za a kira sirri kuwa? Yaya mutum zai yi aure ya yi hira da iyalinsa a irin wannan wuri?

Kwamared Ɗan Talaka: Wa alaikumus salam. An fara ke nan. Waɗanda suka ci yaƙi sun buɗe gidan tarihi suna karɓar kuɗin shiga suna nuna maka kwalba, amma ba za su nuna maka cewa a Jamus ta Gabas ɗin haya kusan kyauta take ba, makaranta kyauta asibiti kyauta, babu mai kwana a titi. Kuma don Allah a 2013 da Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fasa ƙwai wa aka samu yana sauraron wayar Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin? Stasi ce? Ai Amurka ce. Wayar da ke hannunka yanzu ta fi Mielke sanin inda ka kwana jiya.

Abban Sadiq: Kwamared ni fa ba kamfe na zo yi ba, tambaya na yi. Maganar waya gaskiyarka ce, sai dai wayata ba ta cin tuwo a gidana ba ta zuwa sunan ɗana. Abin da ya dame ni shi ne mutum ne ke kai rahoton mutum.

Maman Ummi: Tab. Warin jiki a kwalba? Wannan ai ko boka albarka 😂 Allah ya kyauta. Ina Baba Injiniya ne, ba shi ya yi karatu a Rasha ba?

Baba Injiniya: Ga ni 'yata, ina karantawa, idon ne sai da tabarau. Ni ba Jamus na yi ba, Tarayyar Sobiyet na yi, shekara shida daga 1981, lokacin ana ta tura yara karatun ƙarafa saboda Ajaokuta. Shekarar farko harshe kawai muka koya. Zan faɗi abin da idona ya gani, kowa ya yi hukuncinsa.

Masaukin ɗalibai da muke, a bakin ƙofa akwai wata tsohuwa da tebur da littafi, duk wanda ya zo wurinka sai ya ajiye katinsa a wurinta ta rubuta sunansa da lambar ɗakin da zai shiga, ƙarfe 11 na dare kuwa ko ubanka ne sai ya fita. Mu baƙi ba ma barin garin sai da takardar izini, ko garin da ke kusa za ka. Kowane ɗaki na baƙi sai an sa ɗan ƙasa ɗaya a ciki, a bakinsu don ya taimaka mana da harshe ne, amma kowa ya san dawan garin. Nawa ɗan ƙauye ne mai kunya, bayan mun yi kamar wata huɗu tare wata rana muna shan shayi ya kunna rediyo ya ƙure murya ya matso kusa ya ce min, ka sani fa ana tambayata a kanka, dole in rubuta wani abu, to ka riƙa gaya min abin da kake so in rubuta. Na rasa dariya zan yi ko tsoro zan ji.

Kwamared Ɗan Talaka: To Baba ai ka ga ni, mutumin kirki ne, bai cuce ka ba, kuma karatun kyauta ka yi har da alawus.

Baba Injiniya: Kyauta na yi ɗana, har rigar sanyi su suka saya min, ba zan ci amanar wannan ba. Amma ka lura da abin da na ce, sai da ya kunna rediyo kafin ya buɗe baki, a ɗakinsa, da ƙofa a rufe. Yaro ɗan shekara 19. Wa ya koya masa? A gida ya gani.

Malama Hadiza Tarihi: Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗan koma baya don a ga inda abin ya samo asali, domin mutane suna ɗauka komai daga 'yan sandan ciki ya fara, alhali daga ɗaki ya fara. Bayan juyin juya halin Rasha na 1917, a 1918 gwamnati ta ƙwace manyan gidajen birane daga hannun masu su, sai aka riƙa cusa iyalai a ciki, gidan attajiri guda mai ɗaki shida ya zama na iyali shida, kowa ɗaki ɗaya, kicin ɗaya banɗaki ɗaya. Shi ake kira kommunalka. A takarda an ce kowane mutum yana da haƙƙin murabba'in mita 9, amma a Mosko cikin shekarun 1930 abin da ke zuwa kan mutum kusan rabin haka ne kawai. Wani lokacin ma tsohon mai gidan yana nan a ɗaki ɗaya, yana bin layin banɗaki a bayan tsohon yaronsa.

Kuma ba rashin gidaje kaɗai ba ne, akwai aƙida a ciki. Masu ra'ayin farko suna ganin kicin na gida kurkukun mace ne kuma gida mai ƙofa a rufe nan son kai ke ƙyanƙyashewa, don haka suka yi mafarkin a ci abinci a kantin gama gari, a yi wanki a wuri ɗaya, yara a rene su tare. Har gini suka yi a Mosko don gwada wannan, ginin Narkomfin, wajen 1930. Mafarkin bai je ko'ina ba, amma cunkoson ya zauna shekara da shekaru.

Baba Injiniya: Malama kin tuna min. Na shiga irin gidan nan da ƙafata a Leningrad, gwaggon wani abokin karatuna ce ke zaune ciki. Tun daga ƙofa za ka san abin da ke ciki, an liƙa takarda kusa da ƙararrawa, wane danna sau ɗaya, wance sau biyu, har zuwa sau biyar, to kana dannawa duk gidan ya yi tsit ana ƙirgawa, kowa ya san wa ya yi baƙo. Balle ni baƙar fata, ƙofofi suka riƙa buɗewa kaɗan kaɗan. A kicin tebur biyar na ƙirga, kowace da nata, wata har da kwaɗo a kabad ɗinta. Banɗaki kuwa abin da ya ba ni mamaki, a bango an kafa ƙusoshi kowane iyali sun rataye nasu abin zama na masai, in za ka shiga ka ɗauki naku, ga jadawalin shara a manne a ƙofa. Wayar tarho ɗaya ce a baranda, duk abin da ka faɗa gidan ya ji. Gwaggon nan ta yi shekara sama da 30 a ɗaki ɗaya, a nan ta haifi 'ya'yanta a nan mijinta ya mutu, kabad ta sa a tsakiya ta raba ɗakin biyu.

Maman Ummi: Baba wannan ai gidan hayarmu ne na da ka kwatanta wlh. Farkon aurena ɗaki takwas muke bayi ɗaya famfo ɗaya, in na soya nama duk gidan ya sani, in mun yi faɗa da Baban Ummi da safe wata za ta gaishe ni da wata irin murya wai ya kwanan haƙuri. Akwai wata mata da ta san ranar da kowane miji ke karɓar albashi daga ƙamshin miya kawai. Amma mu ƙarshen gulmarmu a yi cacar baki a bakin famfo mai gida ya zo ya raba, ko a kai wa mai unguwa. Su kuma fa gulmar tasu ina take zuwa?

Malama Hadiza Tarihi: Nan ne gizo ke saƙar Maman Ummi. Gulmar iri ɗaya ce, kunnen da ke sauraro ne daban. A dokar laifukansu akwai sashe na 58 sakin layi na 10, farfaganda kan gwamnatin Sobiyet, kuma barkwanci ma yana iya shiga ciki. A 1937 da 1938 kaɗai takardun hukumar 'yan sandan cikin Sobiyet kansu sun nuna an harbe mutum sama da 680,000. Kuma idan aka tafi da mai ɗaki aka kori iyalinsa ɗakin ya zama fanko, maƙwabcin da ke da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya yana iya nema. Kin ga an haɗa yunwar ɗaki da alƙalami. Amma don adalci, yawancin kamun shekarun nan ba daga wasiƙar maƙwabta ya zo ba, daga sama aka riƙa aiko wa kowace jiha adadin da za ta kama da adadin da za ta harbe. Sai dai talaka bai san haka ba, shi dai ya ga an zo da dare an tafi da wane, sai ya fara kallon na kusa da shi. Matan waɗanda aka kama ma an yi musu doka ta musamman a 1937, akwai sansani guda a Akmolinsk ta Kazakistan da aka tara su. Abin dariyar da ba na dariya ba, kundin tsarin mulkin Stalin, shugabansu na lokacin, na 1936 sashe na 128 ya ce gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa suna da kariyar doka.

Kwamared Ɗan Talaka: Malama kin tsaya a kan Stalin kamar shi kaɗai ya yi mulki. Stalin ya mutu a 1953. Me ya sa ba kya faɗin abin da magajinsa Khrushchev ya yi? Daga 1957 aka shiga gina benaye masu hawa biyar, miliyoyin mutane suka samu gidan kansu ba da ko sisi ba. Wace ƙasar jari hujja ta yi wa talaka haka? Mu nan shekara nawa ma'aikaci ke yi yana biyan haya har ya mutu?

Baba Injiniya: A nan kam Kwamared ya yi gaskiya, kuma na ga waɗanda suka amfana. Mahaifiyar wani abokina ta ce ranar da aka ba su makulli ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa ta zauna tana kuka, ba don komai ba sai don babu mai ƙwanƙwasa mata. Gidajen ƙanana ne, babu lif, rufin a kusa da kai, kicin bai fi mita 5 ko 6 ba, mutum huɗu suka zauna gwiwa na gogar gwiwa. Amma a kicin ɗin nan ne rayuwar gaskiya take. Da rana a wurin aiki a yi taro kowa ya ɗaga hannu ya amince, da dare a dawo kicin a dafa shayi a yanka burodi, a ɗora filo a kan tarho wasu har su buɗe famfo ruwa na zuba, sannan a fara magana. A nan na fara jin barkwancinsu. Akwai na wani alƙali da ya fito daga kotu yana ta ƙyaƙyata dariya, abokinsa ya ce mene ne, ya ce wani barkwanci na ji mai daɗi, ya ce to ba ni mana, ya ce ina, yanzun nan na ɗaure mutum shekara goma a kansa. Suka yi ta dariya har da hawaye, ni kuwa ina ta kallon filon nan da ke kan tarho.

Kuma ba kowa ake gayyata kicin ba. Sai da na shekara uku kafin wani ya kai ni. In ka shiga ka zama ɗan gida, za su ba ka kuɗinsu na ƙarshe, irin amincin da ban cika gani ba ko a nan. Littattafan da aka hana a nan ake miƙa su, an buga da tafireta da takardar kabon, kwafi na biyar da ƙyar ake karantawa, a ba ka dare ɗaya ka dawo da shi da safe.

Malama Hadiza Tarihi: Kun ga abin, gwamnatin da ta so ta kashe kicin ita ta gina kicin miliyoyi, a ciki aka yi ta cin namanta.

Ustaz Abu Hafsa: Salamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Ni abin da nake ta tunawa Suratul Hujurat ce, inda Allah ya hana tajassusi ya haɗa shi da giba a aya guda, da Suratun Nur da ta ce kada a shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama, har yaran gida an ba su lokuta uku da ba za su faɗa wa iyaye ɗaki ba. Ginin gidanmu na gargajiya ma a kan haka yake, baƙo iyakarsa zaure. To Baba Musulmin can fa, ba su da yawa ne? Yaya suka yi da sallah da azumi?

Baba Injiniya: Suna da yawa ƙwarai Malam, Uzbek, Tatar, Azarbaijan, mutanen Dagestan. Akwai wani ɗan Uzbek a hawanmu, a fili ɗan ƙungiyar matasan jam'iyya ne da bajonsa a ƙirji, bai taɓa yarda ya yi sallah tare da mu ba. Amma wata rana da ya ga Alƙur'anina sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa, ya sumbace shi ya ɗora a goshi, ya ce kakarsa tana da irinsa a naɗe cikin zane a ƙasan akwati. Karatu bai iya ba, Fatiha kawai. Ya ce a garinsu kaciya da ɗaurin aure da sallar gawa ba a fasa ba, sai dai a yi na gwamnati da rana a ofis, da dare a kira wani tsoho ya ɗaura na gaskiya a cikin gida.

Malama Hadiza Tarihi: Ustaz nasu ma ya fi tsanani domin har cikin gida aka bi su. A 1927 aka ƙaddamar da abin da suka kira hujum a Uzbekistan, ranar 8 ga Maris aka tara mata suna cire lulluɓi suna jefawa a wuta, matan suka shiga tsaka mai wuya, wadda ta ƙi cirewa mijinta na iya rasa aiki, wadda ta cire kuma da yawa danginsu ne suka kashe su. An rufe mafi yawan masallatai. Sai a 1943 ana tsakiyar yaƙi Stalin ya sassauta aka kafa hukumar addini a Tashkent ƙarƙashin idon gwamnati, aikin hajji kuwa waɗanda ake bari a shekara ba su cika bas ɗaya ba. Albaniya ta fi kowa, a 1967 Enver Hoxha ya rufe duk masallatai da coci-coci na ƙasar gaba ɗaya. Wahalar a irin wannan wuri yara ne, domin yaro bai iya bakinsa ba, sai iyaye suka koma ɓoye wa 'ya'yansu abin da suka yi imani da shi.

Maman Ummi: Innalillahi. Ka ɓoye wa ɗan da ka haifa?

Malama Hadiza Tarihi: Sosai. Ai gwarzon da ake koya wa yaran Sobiyet shi ne Pavlik Morozov, wani yaro ɗan ƙauyen Gerasimovka da aka kashe a 1932, aka ce ya kai ƙarar mahaifinsa wurin hukuma shi ya sa dangi suka kashe shi. Aka yi masa gumaka aka sa wa tituna sunansa. Masu bincike daga baya sun nuna an yi wa labarin gishiri sosai, uban ma ya riga ya bar uwar yaron ya koma wurin wata. Amma saƙon ya isa kowane gida.

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum, ni daga Nijar nike. Ina son in ce ma Kwamared da Malama duka, wannan abu ba sai kwaminis ba. Lokacin Kountché, daga 1974 har 1987, mu ba kwaminis muke ba, amma tsofaffinmu suna faɗi ko a fada ana shan shayi in an zo zancen gwamnati sai kowa ya waiga, ana cewa bango na da kunne. Kenan mulkin tsoro ne ke kawo shi ko wane suna ya ɗauka.

Abban Sadiq: Gaskiya ne ɗan uwa, amma ina ganin akwai bambanci. Soja yana so ka yi shiru ne kawai. Waɗannan kuwa su ne mai gidan hayarka, su ne mai ba ka aiki, su ke ba ɗanka gurbin jami'a, su ke sa ka a layin mota, Trabant sai ka jira fiye da shekara goma. Ba sai sun ɗaure ka ba. Abokin nan nawa ya ce a gidan benensu akwai wani littafi, Hausbuch, yana hannun wani maƙwabci, baƙon da zai wuce kwana uku sai an rubuta shi, in daga waje ya zo cikin awa 24. A 1961 ma matasan jam'iyya har kan rufin mutane suka riƙa hawa suna juya eriyar da ta kalli yamma. Duk da haka ya ce da dare kusan kowa talabijin ɗin yamma yake kallo, sai a ja wa yara kunne kada su faɗa a makaranta.

Kwamared Ɗan Talaka: To ai kun ga mutane suna rayuwarsu. Suna kallon abin da suke so suna barkwanci suna da lambuna a bayan gari. Ku kuna magana kamar kowa a kurkuku yake. Kuma mata fa? Mace tana aiki tana da albashinta, in miji yana shaye-shaye ko yana dukanta ko neman mata ta kai shi wurin kwamitin jam'iyya na wurin aikinsa a tsayar da shi gaban jama'a.

Maman Ummi: Kai Kwamared wannan ɓangaren kam a kawo mana shi 😂 akwai mazan da sai haka.

Baba Injiniya: 'Yata kina dariya, na halarci irin zaman nan sau ɗaya a masana'antar da muka yi aikin koyo. Mutum mai furfura a tsaye, matarsa a zaune, abokan aiki kusan 40 ana karanta abin da ya yi, har da sunan ɗaya matar da ranakun da ya je wurinta. Ya cancanci faɗa ban musa ba. Amma matar tasa da ta kawo ƙarar ita ta fi kowa sunkuyar da kai, ina jin ba ta zaci za a baje kayan haka ba. Mu a nan iyaye ko waliyyai za su zauna a rufe ƙofa. Can ƙofar ce babu.

Malama Hadiza Tarihi: Kuma hannun da ya shiga gida don ya kare mace shi ne dai ke shiga don wani abin. Ku dubi Romaniya, a 1966 shugabansu Ceausescu ya ga haihuwa ta ragu ya kafa doka mai lamba 770, aka kai ga ana duba mata a wuraren aiki don a san mai ciki, wanda ya kai wasu shekaru bai haihu ba a yanke masa haraji, dubban mata suka mutu a ɓoye, gidajen marayu suka cika. A 1983 kuma aka ce duk mai tafireta sai ya yi mata rajista wurin 'yan sanda ya ba da samfurin rubutunta. A Sin har 2003 mai son aure sai ya kawo takarda daga wurin aikinsa.

Abban Sadiq: Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba, shi ya hana ni barci. Daga 1976 Stasi ta rage kama mutane saboda surutun duniya, ta koma wata dabara da suke kira Zersetzung, wato a ruguza mutum daga ciki. A shiga gidanka ba ka nan, ba za a ɗauki komai ba, a canja wa hoto wuri a bango, a sauya maka irin ganyen shayi, a saki iskar tayar kekenka, a aika wa matarka wasiƙa ba suna, a yaɗa a cikin abokanka cewa kai ne ɗan rahoto. In ka faɗa wa mutane su ce ka taɓu. Da katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989 ma'aikatan suka shiga yayyaga takardu, injuna suka gaji suka koma da hannu, har yau akwai buhuna wajen 15,000 na yagaggun takardu. Ranar 15 ga Janairun 1990 jama'a suka kutsa hedikwatar, abin da aka tsirar in an jera shi ya kai kilomita 111. Daga Janairun 1992 aka ba kowa damar ganin fayil ɗinsa, wani fasto Joachim Gauck ya shugabanci hukumar da ke kula da fayilolin, shi ne ya zama shugaban ƙasa a 2012. Wata 'yar gwagwarmaya Vera Wollenberger ta gano mai kai rahotonta da sunan Donald mijinta ne, uban 'ya'yanta. Auren ya mutu.

Abokin nawa ya ce mahaifiyarsa ta cike takardar neman nata fayil ɗin, aka amsa mata cewa akwai, aka ba ta rana, ranar ta yi kwalliya ta kai bakin ƙofa ta juyo. Har yau ba ta koma ba. Ta ce mutum uku ne kawai suka san abin da take faɗa a kicin ɗinta, biyu sun mutu, ɗayar kuma ita ke kawo mata cefane yanzu.

Maman Ummi: Allah sarki baiwar Allah. Ni kam da zan buɗe, gara in san maƙiyina, ba zan iya cin abincin hannun mutum ina zarginsa ba.

Ustaz Abu Hafsa: Ni kuma ina ganin tsohuwar ta fi mu hankali. Wanda ya rubuta ɗin ba ki san da me aka tsorata shi ba, wataƙila da ɗansa aka yi masa barazana. Kuma jami'in da ya rubuta fayil shi ma yana iya ƙara gishiri don a ƙara masa girma. Sai ki rabu da 'yar uwa a kan shaidar fasiƙi?

Maman Ummi: Malam ai ba a tsorata kowa ba, wasu don a ba su gida ko a bar su su fita waje suka yi. Kuma akwai waɗanda aka nema suka ƙi.

Abban Sadiq: Akwai kam. Jagoran da ya zagaya da mu ya ce hanya mafi sauƙi ta kuɓuta ita ce surutu, in suka neme ka ka je ka gaya wa matarka da fasto da abokan aiki cewa Stasi ta neme ni, shikenan ka zama ba ka da amfani sai su ƙyale ka.

Kwamared Ɗan Talaka: Ni dai har yanzu ina kan bakana, talakan da bai da inda zai kwana ba ta sirri yake ba. Amma maganar mijin nan ta dame ni ba zan ɓoye ba. Baba kai fa, in aka ce ga fayil ɗinka na Rasha za ka karanta?

Baba Injiniya: Ɗana ni ai na san rabin abin da ke ciki tunda tare muka rubuta. Yaron nan zai zauna da biro yana tsaki ya ce yau me za mu ce, in ce rubuta yana karatu sosai yana son ƙwallo ba ya zancen siyasa. Sau ɗaya ne muka samu matsala, ya ce an tambaye shi ko ina ibada, shi kuma ba ya son ya yi ƙarya ba ya son ya jefa ni cikin damuwa, domin yana ganina kullum ina alwala a wurin wanke hannu ina ɗaga ƙafa cikin sanyin nan. Ya yi ta juya biro, can ya ce ya samo. Ya rubuta cewa ɗalibin yana da tsafta ƙwarai, yana wanke ƙafafunsa sau biyar a rana. Ɗaya rabin da ya rubuta ba na nan kuwa ban sani ba, kuma rabona da jin labarinsa tun wasiƙar da ya aiko min a 1991. An kira magariba a nan, sai na dawo.